ULU BAƘO NE, ALLURA 'YAR GIDA: TARIHIN ZAREN ƊINKIN HANNU DAGA KANO ZUWA TAMALE

Wanda ya tsaya bakin filin Idi ranar Sallah a Tamale, ko ya halarci bikin Damba a Yendi, zai ƙoshi da kallon riguna masu aiki: aska biyu, aska takwas, dagi, tambari, kowane zane yana nan yadda kakanni suka san shi. Amma in ya matsa kusa ya shafa aikin da yatsa, sau da yawa zai tarar keke ne ya ɗinka, zaren na roba ne, launinsa kuma daga masana'anta ya fito. Zane ya tsira, zare ya salwanta.

Duk mai sha'awar koyon ɗinkin hannu irin na dā, a nan Gurugu ko a sauran unguwannin Tamale, yakan fara da tambayar zane: yaya ake fitar da aska, yaya ake ƙulla dagi? Akwai tambayar da ta kamata ta riga wannan: da wane zare aka ɗinka, kuma wa ya rina shi? Tambayar ta fi ƙarfi a kan zaren ulu, wanda mutane da yawa suke ɗauka cewa tun fil azal namu ne. Wannan allura ce mai tono garma, domin amsarta za ta kai mu Masina da Tarabulus da Kano da Salaga kafin ta dawo da mu gida.

TUMAKINMU BA SU DA ULU

Tumakin ƙasar Hausa, uda da balami da 'yar ƙasa, da ƙananan tumakin nan da ake kiwo a ƙasar Dagomba, duk masu gajeren gashi ne mai kauri wanda ba ya kaɗuwa a mazari. A Afirka ta Yamma, wurin da ya shahara da tumaki masu ulu shi ne Masina, a fadamun kogin Kwara cikin ƙasar Mali ta yau. Can ne masaƙan Fulani da ake kira maabuuɓe suke saƙa bargon kaasa. Fatake sun riƙa saukowa da irin waɗannan barguna har ƙasar Asante, inda ake kiransu nsaa, ana lulluɓe gangunan sarauta da gadon ɗaukar sarki da su.

Sauran ulun da kakanninmu suka sani ta hamada ya zo, kuma a saƙe ya zo, a rine: mulufi da jauha da alkyabba da jar dara. Kayan sarakuna ne da manyan attajirai. Darar Tunas ma da wasu ƙananan ƙwari ake rina ta, waɗanda ake busarwa a daka su ba da ja mai zurfi. Sunayen mulufi da jauha daga bakin Larabawa muka karɓe su, kalmar ulu kuwa aro ce daga Ingilishi. Wannan kaɗai ya isa ya nuna cewa zaren ulu na ɗinki, wanda ake saya a ƙulle a kasuwa, ya yawaita ne bayan da kayan Turai suka fara shigowa ta bakin teku da kogin Kwara.

Kafin zaren ya samu a sauƙaƙe, mutanen wannan yanki suna da dabara. Wani ɗan kasuwar Danmak mai suna Ludewig Rømer, a littafin da ya wallafa a 1760, ya ba da labarin yadda Sarkin Asante Opoku Ware yake sa a sayo yadin siliki da na ulu na Turai, a warware su zare-zare, masaƙansa su sake saƙa su cikin nasu tufafin. Abin da ake nema a cikin yadin shi ne launi, musamman ja. Mu riƙe wannan, domin shi ne mabuɗin sauran labarin.

ZARE UKU NA BABBAR RIGA

Babbar riga ta zamanin Daular Sakkwato da zare uku aka fi yi mata aiki. Na farko auduga, wadda mata suke gurzawa, su shiɓe, su kaɗa: abawa mai kauri, arafiya siririya. Na biyu tsamiya, silikin dajinmu, wanda wata tsutsa take saƙawa a matsayin gida a bisa itatuwa irin su tsamiya da doka. Ana dafa gidan cikin ruwan toka har danƙonsa ya saki, sannan a kaɗa shi kamar auduga. Launinsa na halitta tsakanin fari da ruwan ƙasa yake, kuma mafi yawa haka ake barinsa. Na uku alharini, ragowar silikin masaƙun Turai da ake rinawa a ɗauko ta Tarabulus da Gadamas a bisa raƙuma. Shi ne jan nan mai sirkin shunayya da ake yi wa riga shafi da shi.

Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda mutanenmu suka sani da suna Abdulkarim, ya shiga Kano a watan Fabrairu na 1851, zamanin Sarki Usman. Ya ƙiyasta cewa tufafin da Kano take saƙawa ta rina ta sayar a waje sun kai aƙalla wuri miliyan 300 a shekara, ya kuma ce alharinin da yake shigowa birnin duk shekara ya kai ɗaruruwan kayan raƙuma. Wato Kano tana fitar da shuɗi tana sayen ja. Ko riguna da ayarin Ingilishi ya saya a Eggan ta ƙasar Nufe a 1841, waɗanda suke ajiye a Ingila har yau, sun nuna cewa tun wancan lokaci zanen askaken nan ya riga ya zauna daram.

Ulu ya sami gurbinsa a wani wuri dabam: a wando mai kamun ƙafa, da hula, daga baya kuma a zanen gado da rigar matashin kai na ɗakin amarya. Maɗinkan Hausawa da Nufawa sun so shi domin yana da kauri, yana cika fili da sauri, ga launuka masu ɗaukar ido. Ƙafar mahayin doki a cikin likkafa take, a sarari, saboda haka wandon barde ya zama filin da ja da kore da rawaya suke baje kolinsu, alhali rigar da ke sama tana riƙe da natsuwarta ta fari ko saƙi.

DALILIN DA YA SA SHUƊI NAMU NE, JA NA SAYE

Wannan rabo yana da dalili a cikin halittar zaren kansa. Auduga tsiro ce. Ulu da siliki daga jikin mai rai suke fitowa, danginsu ɗaya da gashi da fata. Baba yana kama auduga ba tare da wani mataimaki ba. Marini yakan zuba busasshen baba da toka da katsi cikin ramin da zurfinsa ya fi tsayin mutum, ya bar su kwanaki su ruɓa, yana motsawa, har ruwan ya nuna. Zare yakan fito daga ramin kore-kore, iska ce take mayar da shi shuɗi a gaban idonka. Zurfin launi kuwa daga yawan tsomawa da shanyawa yake zuwa. A kan wannan ilimi aka gina marinar Ƙofar Mata a Kano, wadda ake cewa an kafa ta a 1498, da karofin Kura da makwabtanta, masu rina turkuɗin da Buzaye suke naɗawa.

Ja da rawaya na itatuwa ba haka suke da auduga ba: sukan zauna mata sama-sama, wanki da rana su kore su. Amma in suka sami ulu ko siliki, musamman wanda aka jiƙa da alif, sai su kama shi gam. Ta ɗaya ɓangaren kuma, ruwan marina mai kaifin toka, wanda auduga take jurewa, yana cutar ulu: yakan mayar da shi mai kaushi, mai saurin tsinkewa. Saboda haka marinarmu don auduga aka gina ta.

To, su wa suka riƙe sirrin ja da rawaya a ƙasar Hausa? Majema da dukawa ne. Su ne suke jeme fatar akuya da bagaruwa, su jiƙa karan dafi da ruwan kanwa su fitar da ja, su samo rawaya daga saiwar tsiron nan da launin ya ci sunansa, ko daga gangamau, su haɗa baƙi daga tsatsar ƙarfe da take gamuwa da bagaruwar da ke cikin fata. Jar fatar Sakkwato da ta ƙetare hamada har Turawa suka laƙaba mata sunan Maroko, aikin karan dafi ne. Tun da fata da ulu dangi ne, wanda yake son rina ulu da itatuwanmu yana bukatar baduku kamar yadda yake bukatar marini.

HANYAR GWANJA

Yadda wannan sana'a ta iso ƙasar da muke zaune labarin goro ne. Littafin Tarihin Kano ya ambata cewa Sarki Abdullahi Burja, wanda ya yi mulki daga 1438 zuwa 1452, ya buɗe hanyoyi daga Barno zuwa Gwanja, kuma a zamanin Sarki Yakubu fataken Gwanja suka fara zuwa Katsina. A ƙarni na 19 ayarin Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari yakan tashi ƙarƙashin madugu, ya ratsa Yawuri da Bargu, ko ya bi ta Sansanin Mango, ya sauka Yendi, ya ƙarasa Salaga. Jakuna suna ɗauke da kanwa da fatu da riguna masu aiki da baƙaƙen zannuwa, su koma da goro. Ba kowa yake komawa ba. Malamai da maɗinka da marina da mahauta sun yi zango, zango ya zama gida.

Makaɗan tarihin Dagomba, wato lunsi, suna danganta shigowar Musulunci fada da yaɗuwar sa tufafi da zamanin Naa Zanjina, a wajen farkon ƙarni na 18, suna kuma ambaton malaman Hausawa a cikin labarin. A Daboya, bakin kogin Farin Volta yamma da Tamale, inda har yau ake rina zaren fugu a ramukan baba, binciken Esther Goody da aka wallafa a 1982 ya danganta asalin sana'ar rinin da baƙi Hausawa. Rigar da Dagomba suke kira biŋmaa tasu ce, ɗinkinta da rawarta da ma'anar yadda ake karya hular da ke tafiya da ita duk nasu ne. Amma wanda ya dubi adon wuyanta da aljihunta, ya dubi baban da ya rina zarenta, zai ga sawun doguwar makwabtaka. Irin wannan riga Kwame Nkrumah da abokansa suka sa a daren 6 ga Maris 1957, da suka yi shelar 'yancin Ghana.

Yaƙin basasar Salaga na 1892 ya tarwatsa kasuwar, mazauna zango suka watsu zuwa Kete-Karaci da Yeji da Kintampo da Kumasi da sauran garuruwa. Da Turawan Ingila suka mayar da hedkwatar mulkin Arewa daga Gambaga zuwa Tamale a 1907, sabon garin ya ja 'yan kasuwa da masu sana'a. Cikin waɗanda yaƙin ya tayar daga Salaga akwai Alhaji Umaru, haifaffen Kano, wanda ya zauna Kete-Karaci har rasuwarsa a 1934. Shi ne ya rubuta wa jami'in Jamus Adam Mischlich bayanai da ajami a kan rayuwar Hausawa da sana'o'insu. Abin lura ne cewa ɗaya daga cikin muhimman bayanan da aka rubuta da Hausa a kan sana'o'in ƙasar Hausa, a nan ƙasar Ghana ta yau aka rubuta shi.

YADDA AKE KOYO A DĀ

Riga guda takan bi ta hannu da yawa: mai kaɗi, marini, masaƙi, maɗinkin da zai harhaɗa siraran ƙyallayen saƙa, mai zane, mai aiki, sannan mabugi. Mai zane sau da yawa malami ne, domin hannun da ya saba da alƙalami da tawada shi yake iya fitar da tambari da gidan biyar a bisa yadi ba tare da ma'auni ba. Masu cika zanen kuwa galibi almajirai ne da gardawa, waɗanda allura take ciyar da su a lokacin neman ilimi. Tun farkon Daular, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, a nasihar mulki da ya rubuta wa Sarkin Katsina Ummarun Dallaje, ya lissafa maɗinka da marina cikin masu sana'ar da ya wajaba shugaba ya kula da su, ya zaunar da su a garuruwa.

Koyo a zaure ake yinsa, da kallo da kwaikwayo. Yaro yakan fara da zura zare da murza shi, ya koyi ɗinkin sarƙa a kan tsumma, a ba shi hula ko bakin wando, sai hannunsa ya faɗa sannan a yarda ya taɓa aljihun riga. Yadin a hannu yake, a bisa gwiwa, yatsa ne yake daidaita taurin zare. Rigar da aka cika mata aiki takan ci watanni. A wannan zama ne yaro yake sanin zaren da yake zuba da wanda ba ya zuba, da wanda ya sha baba ya ƙoshi da wanda aka yi wa tsomi ɗaya aka kai kasuwa. Wannan sashe na ilimin ba a zana shi a kan riga, shi ya sa ya riga sauran ɓacewa.

GALURA DA KEKE

A 1856 wani matashi ɗan Ingila, William Perkin, ya haɗa launi na farko daga kwaltar gawayin ƙasa. Kafin 1870 an haɗa ja a Jamus, a 1897 kuma kamfanin BASF ya fara sayar da shuɗin masana'anta. Wannan hoda ce ta iso kasuwanninmu da sunan galura. Ma'anar wannan ga tarihinmu a fili take: a lokacin da zaren ulu ya wadata a hannun maɗinkanmu, galura ta riga ta mamaye masana'antun da suke rina shi. Mafi yawan ulun da ke jikin tsofaffin wandunanmu na ƙarni na 20 bai taɓa ganin karan dafi ba.

Daga baya keken aiki ya zo, bayansa na kwamfuta, sannan zaren roba ya gaji sunan ulu a kasuwa. David Heathcote, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ya bi maɗinka da masu zane yana tattara ayyukansu, ya kuma shirya baje kolin fasahar Hausawa a Landan a 1976. A birnin Zariya, da maza suka karkata ga wasu sana'o'i, mata ne suka ɗauki allurar babbar riga a cikin gidajensu, kamar yadda binciken Elisha Renne ya nuna. Sana'ar ta canza hannu, ta rayu. Wannan darasi ne gare mu.

ABIN DA MAI KOYO ZAI YI A YAU

Da farko ya tabbatar da zarensa. A ƙona ɗan guntu: ulu na gaskiya yakan yi ƙaurin gashi, ya bar toka mai murmushewa, auduga takan yi ƙaurin takarda, na roba kuwa narkewa yake yi ya dunƙule. Zaren roba ba ya karɓar rinin itatuwa, kowace irin wahala aka sha.

Sai wanki da ruwan ɗumi, a hankali, ba cuɗawa, ba a kuma fitar da ulu daga ruwan zafi a jefa shi cikin na sanyi, domin zai cure. A jiƙa shi cikin ruwan alif, kimanin kashi ɗaya cikin goma na nauyin zaren, a bisa wuta marar ƙarfi na kamar awa guda, kada ya tafasa. Daga nan sai tukunyar launi: karan dafi don ja, ganyen marke ko saiwar rawaya don rawaya, bagaruwa don ruwan ƙasa, in an ɗiga mata ruwan tsatsa ta koma toka-toka har baƙi. Gangamau yana da kyau a ido, amma rana tana cinye shi da wuri. Kanwa kaɗan ake sa wa ulu, a kuma ɗauraye da ruwan tsamiya ko lemun tsami don a kashe kaifinta. Shuɗi sai an nemi marini, a roƙe shi tsomi gajere a ruwa mai sauƙin toka. Kore kuwa shuɗi ne aka ɗora wa rawaya. Kowane gwaji a yanki guntu biyu, ɗaya a rana ɗaya a inuwa, bayan mako biyu a gwada su. A rubuta abin da aka gani.

Malamin ɗinkin kuma yana cikin adakar gidajenmu. Tsohuwar riga ko wandon kaka, in aka juya bayansa, zai nuna inda allura ta shiga da inda ta fita. Asu yakan ci ulu da siliki ya bar auduga, saboda haka a tsohon wando wani lokaci akan tarar ulun ya zube, layin tawadar mai zane ya bayyana a ƙarƙashi. Kada a yar da irin wannan, kada kuma a sayar da shi ga mai yawon sayen kayan dā kafin a ɗauki hotonsa ciki da waje. A kai wa dattawan zango su faɗi sunan kowane zane da kowane ɗinki, a rubuta tun suna raye. Mu da muke tsiraru a wannan ƙasa, in sunan abu ya fita daga bakinmu, ba mu da wata unguwa ta kusa da za mu je mu aro shi.

Abu na ƙarshe shi ne gaskiya wajen ba da labari. Wanda ya rina ulu da karan dafi ya ɗinka aska takwas da shi, kada ya ce wa mai saye haka kakanni suke yi. Kakanni sun rina auduga da baba, sun rina fata da karan dafi, sun sayi ulu a rine daga baƙi. Haɗa ulun da rinin dajinmu sabon aure ne tsakanin gado biyu, kuma ba abin kunya ba ne, domin haka sana'ar take tun asali: siliki daga Tarabulus, baba daga gonar Kano, zane daga allon malam, kasuwa a Salaga. Da tsohuwar zuma ake magani, amma sai an san wace ce tsohuwar. Daboya ba ta da nisa, karan dafi yana fita a ƙasarmu, dukawa suna nan a kasuwannin Tamale. Allah Ya ba matasanmu haƙurin zama a gabansu su koya.